Injin Mama Ketura

Waƙa ashirin da biyu suke da ita a kwamfuta, albam ɗin kuma tara kawai zai ɗauka. Wannan ne ya hana 'yan Waya Uku zaman lafiya har mako uku cur.

Su uku ne, shi ya sa sunan. Kaltum ce babbarsu, 'yar unguwar Shehuri, ita ta kafa ƙungiyar shekara huɗu da suka wuce, kuma ba ta taɓa bari kowa ya manta da hakan ba. Babakura makaɗi ne, sai dai gangarsa a cikin kwamfuta take, da yatsu biyu yake kaɗa ta. Jonathan kuwa ɗan Biu ne, a coci ya koyi fiyano, mutum ne da sai ya yi wuni bai ce uffan ba. Kiɗansu ba irin na biki ba ne. Sauti suke ɗebowa a gari, ƙarar almakashin tela, hon ɗin keke, cinikin masu banda, su yanka su jera su ɗora masa ganga, har ya zama abin da zai sa ka girgiza kai ba ka sani ba.

Situdiyonsu wani ɗan ɗaki ne a bayan Kasuwar Kifi ta Baga Road. Labulen ɗakin, katifun da suka manna a bango, har jakar kwamfuta, komai warin banda yake. A nan Babakura ya miƙe ranar Litinin, ya rataya jakarsa, ya faɗi maganar da ya daɗe yana taunawa.

"Ya Kaltum, ni fa na gaji. Wani situdiyo a Kano na kirana in je in riƙa yi musu kiɗan fim. In Juma'a ta yi ba mu tsayar da tara ba, kowa ya kwashi nasa. Ba faɗa, ba gaba."

"To sarkin gajiya," in ji Kaltum. "Allah ya kai mu Juma'ar."

Baki ne kawai ya faɗi haka. Kaltum ba ta tsoron aiki, ba ta tsoron surutun dangi da ke cewa 'yar gidan malamai ba ta da aiki sai buga kwamfuta, amma tana tsoron ranar da za ta buɗe ɗakin nan ta tarar da kujera ɗaya. Waya Uku ce abin da ta gina da hannunta, kuma tana son yaran nan biyu kamar ƙannenta, ko da yake a yanka ta ba za ta faɗa musu ba.

Matsalar ba ƙarancin waƙoƙi masu daɗi ba ce. Kowace in ka ji ta ita kaɗai, sai ka ce madalla. Amma da an jera su, sai su ƙi zama. Ta uku ta hau ta huɗu da faɗa, ta biyar ta zo kamar daga wani gari. Sun jera daga mai sanyi zuwa mai zafi, bai yi ba. Sun jera bisa unguwannin da aka ɗebo sautin, bai yi ba. Sun yi ƙuri'a, kowa ya zaɓi nasa, kunya ma ba su ji ba.

Ita kuwa Kaltum tana da yaƙinin abu ɗaya: bakwai ɗin da ta haɗa su ne ƙashin bayan albam ɗin. Gaskiya kuma sun fi sauran tsabta. Dalili kuwa, ba a situdiyo ta yi su ba. Jikin bangonsu akwai shagon markaɗen Mama Ketura, wata dattijuwa mai tsohon injin dizal da ke tashi tun hantsi ba ya tsayawa sai la'asar sakaliya. Dum-dum-dum-dum, bango na rawa, kofin shayi na tafiya da kansa a kan tebur. Kaltum ta yi faɗa, ta kai ƙara wurin mai gida, Alhaji Inuwa, ta yi fushi, a banza. Daga ƙarshe ta tattara kwamfutarta ta koma gida Shehuri, ta toshe kunne da hedifon, tana aiki a ɗaki shiru kamar masallaci bayan an watse. Sai ta gama ta kawo musu. Su Babakura ne suka zauna suka ci gaba da fama da injin shekara biyu. Watan jiya ne Mama Ketura ta sayar da shi ta sayi ƙaramin inji mai aiki da lantarki, unguwa ta huta.

Ranar Talata Kaltum ta shigo da shawara, ta ajiye ta kamar hukunci.

"Kunnuwanmu sun mutu. Kowa kukan ɗansa yake ji. Gobe za mu ba Malam Abdulmutallib alƙalanci."

Jonathan ya ɗago kai. "Mai keke?"

"Shi fa. Akwai wanda ya fi shi sauraron kiɗa a garin nan?"

Babu. Abdulmutallib magidanci ne mai furfura a gemu, ya fi shekara goma yana jan keke mai ƙafa uku tsakanin Baga Road da Kasuwar Litinin, ya ɗaura wata sifika a ƙarƙashin kujerar baya wadda in ta buga sai fasinja ya ji a haƙarƙarinsa. Kowa ya san halinsa: waƙar da ba ta shige shi ba, ba ta yin minti ɗaya babban yatsansa ya danna ta gaba. Ba ya jin kunyar kowa a kan wannan, ko mai waƙar ne a zaune a bayansa.

"Ga doka," in ji Kaltum. "Ba za mu gaya masa wa ya yi wace ba. Wadda ya tsallake ta fita. Ba roƙo, ba ɗaukaka ƙara."

"Ko taki ce?" Babakura ya tambaya yana kallonta ta gefen ido.

"Ko tawa ce," ta ce, tana dariya. Ai mai gaskiya ba ya tsoron alƙali.

Laraba da hantsi suka cusu a bayan keken su uku, Kaltum a gefe da littafi a cinya. Ta miƙa wa Abdulmutallib memori, ya hura shi, ya soka.

"Wushe, sannu, Ya Kaltum. Ina muka nufa?"

"Ko'ina, Malam. Kai dai ja mu, ka ji kiɗa. In ba ta yi maka ba, ka yi yadda ka saba."

Ta farko ta Babakura ce. Abdulmutallib ya fara buga kan keken da tafin hannu tun kafin su fita layin masu kifi. Ta biyu ta Jonathan, ya ci gaba da bugawa, har da ɗan kaɗa kafaɗa. Ta uku ita ce wadda Kaltum ta fi ji da ita, wadda ta yi wata biyu tana gogewa. Ta gyara zama tana jiran yabo. Hannun Abdulmutallib ya tsaya cak a iska. Ya saurara kaɗan, ya karkata kai, sai ƙit, ya danna.

"Malam!" Bakinta ya suɓuce.

"Tana da daɗi fa," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Amma wannan ba 'yar gidan nan ba ce. Baƙuwa ce."

Babakura ya juya yana kallon titi, kafaɗunsa na rawa. Kaltum ta ja layi a littafi, har biron ya huda takarda.

Kafin su isa Kasuwar Litinin ya tsallake huɗu, uku nata. Suka kutsa cikin cunkoson masu atamfa da 'yan dako, suka zaga ta Shehuri, suka wuce ƙofar gidansu ma, yatsan nan bai tausaya mata ba. Ƙit. Ƙit. Duk wadda ta fito daga ɗakinta mai shiru sai ya ce baƙuwa ce, kamar wanda aka raɗa wa a kunne. Da suka juyo hanyar Baga Road, bakwai ɗinta duk sun faɗi, tare da huɗu na su Babakura. Sha ɗaya suka rage, babu tata ko ɗaya.

Wallahi ranta ya ɓaci, ɓaci na gaske. Ta fara shirya maganar da za ta faɗa in sun sauka: mai keke me ya sani, sifikarsa ma a fashe take, wannan ai wasa ne aka yi. Ta kuma san abin da zai biyo baya. Babakura ba zai yi musu ba, jakarsa kawai zai rataya. Tana ganin yadda ya daina dariya, ya zuba mata ido yana jira ya ga ko dokar da ta kafa za ta hau kanta.

Ana cikin haka waƙar ƙarshe, ta Jonathan, ta ƙare. Maimakon shiru, sai wani abu ya taso daga ƙarƙashin kujera. Dum-dum-dum-dum, da wani gunji mai kauri a bayansa.

Kaltum ta gane shi nan take, kunya ta rufe ta. Injin Mama Ketura ne. Shekara biyu da suka wuce, ranar da abin ya kai mata iya wuya, ta kunna wayarta ta ɗauki ƙararsa minti arba'in don ta kai wa Alhaji Inuwa shaida. Alhaji bai ko saurara ba. Ashe ɗaukar tana nan kwance cikin jakar waƙoƙin, ta kwafo ta cikin memorin ba ta lura ba.

"Malam, tsallake wannan, kuskure ne."

"A'a, bar ta," in ji Abdulmutallib. Tafinsa na kan keken, yana bugawa daidai yadda yake buga ta Jonathan, ko ɗigo bai canza ba. "Wannan ai ita ce uwarsu. Yaushe gangar za ta shigo?"

Babakura ya fashe da dariya har yana dukan cinya. Kaltum ba ta yi dariya ba. Ta kafa wa hannun mutumin ido. Bugun bai sauya ba daga waccan waƙar zuwa wannan ƙarar. Ta rufe ido ta bi gunjin da muryarta ƙasa-ƙasa, sannan ta rera amon da Jonathan ya rufe waƙarsa da shi. Abu ɗaya ne.

"Malam, mai da mu situdiyo. Yi sauri, don Allah."

Ko mayafinta ba ta gyara ba ta faɗa kan kujera. Ta ɗora ƙarar injin a layi ɗaya, ta bar ta tana tafiya, ta ɗauko waƙar Babakura ta farko ta aza a kai. Gangar ta zauna a kan dum-dum ɗin daram, kamar murfi da tukunyarsa. Ta aza ta Jonathan. Fiyanon ya kwanta a kan gunjin, ba ka ce ba tare aka haife su ba.

"Jonathan, da me kake saita amonka in za ka fara waƙa?"

Ya sosa ƙeya. "Ba na saitawa da komai, Ya Kaltum. Ina dai lalube har in sami inda ba ya faɗa da bangon. In na hau wani wurin, kunnena ciwo yake."

"Kai fa, Babakura?"

"Ni ma haka. In na ƙara sauri ko na rage, sai in ji injin yana taka mini ƙafa. Sai in bi shi kawai a zauna lafiya." Sai idonsa ya buɗe. "Kai! Kina nufin shekara biyu Mama Ketura ce ke ba mu kiɗa?"

Haka ne kuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Su biyun da suka zauna a ɗakin sun yi ta kauce wa injin har suka koma bin sa, waƙoƙinsu duk suka fito da bugun zuciya ɗaya da murya ɗaya. Huɗun nasu da aka tsallake, da aka bincika, biyu Babakura ya yi su a gida lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, biyu kuma bayan an sayar da injin.

Kaltum ta bi sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya. Tara suka zauna. Biyu suka ɗan goce, ta cire su, Jonathan ya buɗe baki zai yi magana, ya sake saurara, ya rufe. Jerin ma bai ba su wahala ba, don da injin na gudana a ƙasa, kowace waƙa da kanta take nuna wadda za ta miƙa wa hannu. Abin da ya gagare su mako uku, kafin la'asar ya kammala.

Sannan ta ɗauko nata. Ta san abin da za ta ji, amma ta aza su, duka bakwai, don kada wata rana zuciya ta ce mata da an gwada. Ta ukun nan da take ji da ita ta shigo tsaf, kyakkyawa, ta yi karo da gunjin, sautin ya dinga karkarwa kamar haƙori a kan tsakuwa. Ba ta kai rabi ba ta kashe.

Ta bangon ana jin sabon injin lantarkin Mama Ketura yana ɗan zuuu, abin da ko ƙuda ba zai kora ba.

"Ya Kaltum," Babakura ya ce a hankali, duk tsiwar ta zube. "A sauke taki ɗaya ta dawo amonmu mana. Kwamfuta ce, minti biyar ne."

"Na gwada a kaina tun muna keke. In an sauke ta, ta mutu. Ba don nan aka yi ta ba."

"To a sa ta haka. Albam ɗin Waya Uku babu ke? Mutane za su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama. Ni na kafa doka." Ta rufe littafin. "Ba ku kuka fitar da ni ba, Babakura. Ni na ɗauki kwamfutata na bar muku ɗakin. Kuna nan kuna shan ƙara tare, ni ina can ina jin daɗin shiru. To ga shirun nan na samu."

Muryarta ta ɗan karye a ƙarshe, abin da ba su taɓa ji ba. Ya yi mata ciwo, ba ƙarami ba, aikin wata da watanni. Amma ko a lokacin ta san albam ɗin da ke gabanta ya fi wanda ta zo da shi a ranta, kuma ba ta iya yi wa kunnenta ƙarya.

Ta miƙe ta zaga shagon markaɗe. Mama Ketura na zaune a kan benci tana tsince wake, mata biyu na jiran a markaɗa musu tattasai.

"Sannu da aiki, Mama."

"A'a, 'yata mai faɗa! Yau kuma me na yi? Injin dai na sayar, ki bar ni in sha iska."

"Wa kika sayar wa?"

"Wani mai gyara a Tashan Baga. Ya farke shi tuni, ya sayar da kayan cikin." Ta kalle ta da kyau. "Lafiya?"

Kaltum ta durƙusa ta sa mata hedifon a kunne, a kan ɗankwali. Dattijuwar ta zabura. Hannunta ya tsaya a cikin waken. Can sai ga hawaye.

"Shi ne," ta ce da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ke toshe. "Ga tarin nan da yake yi in bel ya yi sanyi. Shekara goma sha tara, 'yata. Da shi na yi wa yara huɗu makaranta bayan rasuwar babansu. Ranar da aka ɗauke shi ban iya cin abinci ba, na ji kunyar gaya wa mutane wai ƙarfe nake wa kuka." Ta cire hedifon ɗin. "Ke da kika tsane shi, ke kika adana muryarsa?"

"Don in kai ƙararki na ɗauka, Mama."

Mama Ketura ta yi dariya har tana share ido da bakin zane. "To Allah ya yi wa ƙarar albarka."

"Muna so mu sa shi a albam ɗinmu, daga farko har ƙarshe, da sunanki a jiki. Kin yarda?"

"Ku sa. Amma ku rubuta Ketura daidai, kada ku sa mini Katura."

Ranar Alhamis suka shimfiɗa injin a ƙarƙashin waƙoƙi taran, ƙasa-ƙasa, yadda ba zai rufe kowa ba, sai a tsakanin waƙa da waƙa ya ɗan leƙo. Kaltum ce ta yi wannan aikin da hannunta, don duk cikinsu babu mai kunnenta a wurin haɗa sauti, kuma ta faɗa musu hakan sau biyu. Da waƙa ta tara ta ƙare, saura 'yan daƙiƙu a ɗaukar. Ta kai hannu za ta datse, Jonathan ya riƙe linzamin kwamfutar.

"Tsaya. Akwai magana a nan."

Ya ƙara sauti. Daga cikin gunjin sai ga muryar Kaltum ta shekara biyu baya, a fusace, tana haki: "Ka ji ko, Alhaji? Haka muke fama kullum! Fisabilillahi, wa zai iya yin waƙa a cikin wannan?" Sai injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Babakura ya zame daga kujera ya kwanta a ƙasa don dariya. Jonathan da ba ya magana har da tafi.

"Ku goge," in ji Kaltum.

"Wallahi ba a gogewa," in ji Babakura daga ƙasa. "Da wannan za a rufe. Ku ɗaga hannu." Hannu biyu suka tashi. "Biyu da ɗaya. Ba roƙo, ba ɗaukaka ƙara. Wa ya kafa doka?"

Ta harare su, ta harari kwamfutar, ta sake sauraron kanta tana tambayar da albam ɗin gaba ɗaya ya riga ya amsa. Daƙiƙa tara ke nan, su ne duk rabonta a faifan farko na ƙungiyar da ta kafa. Ta janye hannunta daga linzamin.

Juma'a da hantsi ta sauka daga keken Abdulmutallib rungume da kwamfutarta, da ƙaramar fankarta, da dardumar sallarta, duk abin da ta kwashe shekara biyu da suka wuce. Tun daga bakin layi take jin ganga. Ta tura ƙofar. Jakar Babakura na rataye a ƙusa, shi kuma yana zaune ya ba ta baya yana buga sabon abu da yatsu biyu. Jonathan ya janye kujerarsa gefe ba tare da ya ɗago ba. Sun share mata wurinta na da, wanda ke manne da bangon Mama Ketura.

"Kano fa?" ta tambaya.

"Kano tana nan inda take," in ji Babakura. "Zauna, Ya Kaltum. Wannan ba ta da amo tukuna, ke muke jira."

Ta ajiye hedifon ɗin a cikin jaka, ta zuge, ta jona kwamfutarta da sifikar ɗakin.